Kunun da Inna Ishatu Ta Rantse Ba Za Ta Sha Ba

Duk mai bin hanyar Kongo daga Tudun Wada da safe ya san rumfuna biyu na masu kunun gyaɗa da ke kallon juna, kwata ce kawai a tsakaninsu. Ta hannun dama ta kakata ce, Inna Ishatu. Ta hagu kuwa ta Mama Saratu ce, matar marigayi Malam Istifanus malamin makaranta, mutanen Wusasa. Gyaɗarsu ɗaya, ludayinsu iri ɗaya, amma tun ina cikin zanen goyo ko "ina kwana" ba ta haɗa su ba.

Ni jikanta ne, don haka ina da damar faɗin abin da 'ya'yanta ba su isa su faɗa ba. Tana kirana ragon miji, ni kuma ina ce mata amarya mai haƙori huɗu. Gajeriya ce, amma in ta ɗaga murya a rumfa sai ka rantse har Gyallesu ana ji. Daga cikin birni aka kawo ta Tudun Wada, gidan kakana mai gyaran keke. Da ya rasu ya bar mata yara, da ludayin nan ta raine su har kowa ya kama gabansa. Ta yarda da Allah, ta yarda da Annabi, sannan ta yarda babu macen da ta iya dama kunu a ƙasar Zazzau sai ita. In aka kawo mata na wani gida a wurin suna, sai ta shinshina, ta ajiye, ta ce Allah Ya raya.

A da, ita da Mama Saratu aminai ne na ƙut da ƙut. Rumfa ɗaya, murhu ɗaya. Ranar Lahadi in Saratu ta tafi coci, Inna ke sayar mata da nata. Da azumi kuma Saratu ke yi wa Inna surfe don kada ta galabaita. 'Yar Saratu ma, Eunice, a bayan Inna ta yi rabin ƙuruciyarta. Sai wata safiya Saratu ta ɗanɗana kunun Inna, ta yamutsa fuska, ta ce a gaban jama'a, "Ishatu, yau tsamiyarki ta yi yawa." Wani direba da ba a tambaye shi ba ya ce ai kuwa gaskiya ne. Aka yi dariya.

Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Wallahi tallahi, ni da shan wani abu daga hannunki, ko hannun abin da kika haifa, har abada!"

Washegari ta sa aka kafa mata rumfa a tsallaken kwata. Shi ke nan fa. Wannan shi ne dukan laifin, kuma shekara talatin da 'yan kai ake zaman gaba a kansa.

Bara ne abinci ya fara tsaya wa Inna a ƙirji. In ta haɗiyi tuwo sai ta miƙe ta yi ta dukan ƙirjinta, ta kora da ruwa, ta ce miyar ce ba ta da yauƙi. Daga tuwo aka koma fate, daga fate aka koma kunu. Can sai kunun ma ya riƙa dawowa yadda ya shiga. Mu ba mu sani ba, don ɓoyewa take yi. Ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta ce shawara ce. Ran nan na ga zaninta ya zagaye ta har ya yi saura, na ce, "Amarya, rage ƙiba ake yi don a burge ni?" Ba ta rama ba. Matar da ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba, sai ta dube ni kawai ta kau da kai. Ranar na ji tsoro sosai.

Da ƙyar na kai ta babban asibiti. Likita ya ce wani abu ya toshe hanyar abinci tsakanin maƙogwaro da tumbi. Yana iya zama ciwon daji, yana iya zama wani abu mai sauƙi, shi dai ba zai yi cinikin biri a sama ba sai ya gani. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan hanyar, sai an ba mutum wani farin ruwa mai kauri, bariyam, ya sha ana ɗaukar hoto yana gangarawa. Ma'aikatan wurin kunun asibiti suke ce masa. Aka ce ta zo da safe ba tare da ta ci komai ba. Inna ta ce dama me take ci.

Muka shiga ɗakin hoto, sanyi kamar cikin randa. Aka ba ta wata riga mai buɗaɗɗen baya, ta yi ta mita, na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ga ma'aikaciyar ta fito da wata riga mai nauyi ta dalma a kan farin kayanta, tana juya farin abu a kofi. Tana ganin Inna ta rusuna har ƙasa.

"Inna, ina kwana? Eunice ce."

Inna ta dubi fuskar, ta dubi kofin. "Wa ya dama wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Kai, ragon miji, miƙo mini mayafina."

Na ce ta bari ni in karɓa in ba ta da hannuna. Ta ce ko Sarkin Makka ne ya miƙo, hannun wa ya dama? Eunice ta ce abokin aikinta ya yi tafiya, ita kaɗai ce a ɗakin, kuma jikin Inna ba na jira ba ne. Har ta tuna mata goyon da ta yi mata. Inna ta ce goyo daban, rantsuwa daban. Haka muka dawo gida, ni ina huci, ita tana haki.

Na ɗauko Malam Kailani, limamin layinmu. Ya zauna daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, baki shi kan yanka wuya. Rantsuwar da za ta cuci rai, karya ta ake yi a yi kaffara. Ki sha maganinki, ki ciyar da miskinai goma, an gama."

"Ciyar da goma wani abu ne, Malam? Ni da na ciyar da rabin ɗaliban Kongo?"

"To mene ne?"

Ta juya fuskarta bango. "A ce Saratu ta ji na sha."

Nan gizo ke saƙar. Kakata ta gwammace ta mutu da yunwa da a ce maƙwabciyarta ta yi mata dariya karo na biyu. Rumfa ta zauna a rufe. 'Ya'yanta suka zo suka yi kuka, suka yi lallashi, kawuna ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Inna tana kwance, kullum tana ƙara shigewa cikin katifa. In an ɗiga mata ruwa da cokali, wani ya wuce, wani ya dawo. Ni kam haushinta nake ji kamar in yi ihu, kuma ba na iya nisa da ƙofar ɗakinta.

Wata la'asar sai muka ji ƙwanƙwasar sanda a zaure da "gafaranku dai". Mama Saratu ce, tana jan ƙafarta mai ciwon gwiwa. Ba ta jira an yi mata iso ba, ta ɗaga labulen Inna ta tsaya.

"Ishatu, an ce mini kin kusa. Shi ne na ce bari in zo tun kina da baki. Rumfan nan naki, da babban tukunyan, wurin wa zan nema? Na riga na kira kafinta ya auna wurin. Ɗalibanki ma duk sun dawo wurina, sun ce ashe da wahala suke sha."

Na ɗauka Inna ba za ta iya ɗaga kai ba. Sai ga ta zaune, ɗankwali a karkace.

"Ke! Rumfata? Ni zan dama kunun zaman makokinki, Saratu, kuma sai an yaba!"

"Da wane ƙarfin? Ke da kofi ɗaya ya gagare ki?"

Ta saki labule ta juya. Na bi ta a fusace, niyyata in gaya mata maganar da ba a gaya wa babba. Na same ta a zaure ta jingina da bango, ta toshe baki da gefen gyale, kuka take yi har kafaɗunta na rawa.

Ta ce, "Kai, kada ka gaya mata. Tun damina nake ganinta tana zagayawa bayan rumfa tana zubar da abin da ta haɗiya. Ku kuna gida ɗaya ba ku gani ba. Kakanka ba ta jin lallashi, ni na san maganinta."

Kunya ta kama ni. Na raka ta har bakin titi.

Washegari Inna da kanta ta ce a mayar da ita asibiti. Da muka isa, Eunice ta riga ta roƙi abokin aikinta Michael, wanda ya dawo daga tafiya, ya dama, don a fitar da Inna daga rantsuwarta. Inna ta ce ba ta san wannan zance ba.

"Ke za ki dama. Kuma ki gaya wa uwarki na sha, ban mutu ba."

Eunice ta dama, ta tsayar da ita jikin allon na'urar, ta ce ta kurɓa ta riƙe a baki, kada ta haɗiye sai an ce. Ni aka tura ni bayan gilashi. Ina jin Eunice tana cewa, "Haɗiye, Inna. Yauwa. Juyo ta nan. Ƙara." Da aka gama Inna ta goge farin gashin bakin da abin ya yi mata, ta ce, "Alli da ruwa. Ba gyaɗa, ba sukari. Gidanku dai ba a iya damu ba." Eunice ta yi dariya, idonta cike da ƙwalla.

Likita ya nuna mana hoton. Ga hanyar abincin nan fara sol tun daga wuya, ta kumbura kamar safar da aka cika da yashi, can ƙasa kuma ta tsuke siririya kamar bakin tsuntsu. Ya ce a ƙofar tumbi akwai wani nama mai aiki kamar zariyar wando, in abinci ya iso sai ya saki ya ba shi hanya. Na Inna ya ɗaure ya ƙi saki. Na ce, "Amarya, ashe taurin kan har ciki ya kai." Ta ce, "Gidanku." Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Bayan haka suka zura wata siririyar na'ura suka leƙa, suka ce babu daji. Suka sa mata ranar da aka buɗa wurin da wani abu mai kama da balan-balan. Likita ya ce a fara da abu mai ruwa, kuma ta riƙa dawowa ana dubawa, don wurin yakan so ya sake tsukewa. Inna ta ce shi ma ya san da wadda yake yi.

Da ta ɗan yi ƙwari, ta sa aka dafa shinkafa da wake, aka kai wa mutum goma da Malam Kailani ya zaɓo a unguwa. Washegari ta buɗe rumfa. Ina ajiye mata tukunya sai na ga ta ɗauki kofinta na silba, wanda ba ta yarda kowa ya sha da shi, ta tattare zani ta tsallake kwata. Masu shan kunu na ɓangarorin biyu suka tsaya da kofuna a hannu. Ta zauna a bencin Mama Saratu kamar jiya ta tashi daga kansa.

"Ina kafintan naki?"

"Ya ce wurin ya yi kaɗan."

"Kin ji ƙarya. Ke da kuka a zauren mutane kamar an yi miki mutuwa. Kin manta ɗakina bango ɗaya ne da zauren?"

Inna ta miƙa kofi, Mama Saratu ta cika shi. Inna ta yi bismilla ta kurɓa. Dukanmu wuyanta muke kallo, Saratu har ta dafe nata ƙirjin. Ya wuce lafiya lau, bai dawo ba. Inna ta shanye tas, ta yamutsa fuska, ta ɗaga muryar nan tata yadda kowa zai ji.

"Saratu, tsamiyarki ta yi yawa."

Sannan ta sake miƙa kofin. "Ƙaro."

Mama Saratu ta ƙara mata, idonta na kan Inna, rabin ludayin a ƙasa ya zube.