Alƙalin da Ba Ya Jin Hausa Ranar Aiki

Duk wanda ya taɓa kai wa Alhaji Inuwa kuka ya san amsar da zai samu. Zai ɗaga yatsa, ya lumshe ido, ya ce, "Ban ji ɗaya ɓangaren ba." Shi ke nan fa! Ni Sabo na daɗe ina haɗiyar wannan magana, kuma wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kafin dariya ta zo.

Wata rana barewa ta faɗo wa motata a hanyar Upper Marlboro, nan Amurka, ta ragargaza gaban motar. Nan take na kira shi.

"Yaya, barewa ta kusa kashe ni!"

"Kana da rai dai?"

"Ina da rai."

"To ita barewar me ta ce?"

"Ta mutu mana!"

"Ka ga ke nan ba za a taɓa sanin gaskiya ba."

Aikinsa ne ya mai da shi haka, ko kuwa shi ya nemi aikin da ya dace da halinsa, oho. Shi ne shugaban ofishin ɗaukaka ƙara na masu karɓar tallafin gwamnati. In an yanke maka katin abinci ko taimakon asibiti, ka ga an zalunce ka, can za ka je a saurare ka, a saurari waɗanda suka yanke. Ni kuwa tafinta ne, ana kirana in an sami Bahaushen da ba ya jin Turanci.

Mutanenmu sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa, tunda ga namu a kan kujera. Ina! A wani suna a Landover, mai gidan, direban tasi ne, ya matso kusa da shi ya ce, "Alhaji, dama maganar katin nan namu ne..." Bai ƙarasa ba Alhaji ya toshe kunnuwa da yatsu, ya miƙe da babbar rigarsa, ya fice da safa ko takalmi bai tsaya ɗauka ba, ya shige mota ya ɗaga gilas. Ni aka aika in bi shi da takalma da naman suna. Ya karɓi takalman, ya ƙi naman.

"Gobe in fayil ɗinsa ya zo gabana, naman nan yana cikina."

"Haba Yaya, kafin gobe ai ya fita!"

"Naman zai fita. Daɗin ne ba ya fita."

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da zarar ya sa kwat ya shiga ɗakin sauraron ƙara, Hausa ta bar kunnensa. Mutumin da aka haifa a Gumel! Wai lauyan gwamnati ba ya jin Hausa, don haka dole shi ma ya jira fassara kamar kowa. Amma in na ɗan kauce a fassarar, sai ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce da Turanci, "Tafinta ya sake saurara da kyau." Kun ji mutum!

Ana haka aka kawo ƙarar Hajiya Dije, wata tsohuwa 'yar Damagaram mai shanyewar ɓarin jiki. Ɗanta direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana gida ba, matarsa kuma wuni take a wurin aiki. Gwamnati ke biyan wata mata, Mariya, ta zo da rana ta yi wa Hajiya wanka, ta kai ta banɗaki, ta ba ta abinci. Da nas ta zo duba ta, ta tambaye ta abin da take iya yi, Hajiya ta ce komai da kanta take yi, alhamdulillahi. Aka rubuta, aka soke zuwan Mariya. In ta faɗi a wannan ƙara, sai dai a kai ta gidan tsofaffi, inda ba mai jin ko sannunta.

Da yake ita da Alhaji ba su san juna ba, sai ya zauna a kan shari'ar da kansa. Surukarta ta turo ta a keken guragu.

Ya tambaya da Turanci, na fassara. "Hajiya, kina iya wanka da kanki?"

"Ka ce masa alhamdulillahi."

"Jikin fa?"

"Da sauƙi ƙwarai."

Innalillahi! Na ga lauyan yana rubutu yana gyaɗa kai. Na sunkuya na raɗa mata, "Hajiya, don Allah ki faɗi yadda abin yake." Alhaji ya daka mini tsawa da Turanci, wai tafinta ba lauya ba ne. Na ji kamar in shaƙe shi. Kalma ɗaya da Hausa daga bakinsa ai da ta isa, ya ce Inna, nan ba wurin kunya ba ne. Ya ƙi.

Sai ya shiga jero tambayoyin da ko jikanta ba zai yi mata ba. Wa ya ɗaura mata ɗankwali? Wa ya sa mata takalmi? Yaushe rabonta da wanka? Sannan ya ce, "Jiya da rana da fitsari ya kama ta, ba kowa a gidan, yaya ta yi?"

Na juya wurinta. "Hajiya, ki gafarce ni, ba ni na ce ba." Na fassara mata. Ta sunkuyar da kai. Ya maimaita. Ta kau da kai. Ya sake maimaitawa, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa.

Sai Hajiya ta fashe.

"Kai! Wannan wane irin marar kunya ne? Ka ce masa a gado na yi! A ciki na kwanta har yarinyar nan ta dawo da magariba tana kuka tana wanke ni! Hannun nan ko cokali ba ya riƙewa! Ya ji daɗi yanzu? Baƙin Bature marar tarbiyya, Allah ya isa!"

Alhaji ya ce, "Tafinta ya fassara."

"Har da na ƙarshen?"

"Duka."

Na fassara duka, har da Allah ya isa, na'ura tana ɗauka. Lauyan ya ajiye biro ya ce ba shi da tambaya.

Sai da hukunci ya fito, aka mayar mata da Mariya, sannan ya yarda na yi masa maganar. Na zazzage masa abin da ke cikina. Ya ce, "Da na lallashe ta da Hausa, da sun ce alƙali ya koya mata amsa, a soke hukuncin a kotun sama. Zagi kuwa ba wanda zai ce ni na koya mata."

"To bari in gaya mata ko kai wane ne, ta janye Allah ya isan nan."

"Ka gaya mata, ba ni ba kai. Ta faɗi abin nan ne don ta ɗauka ba na ji. In ta san a gaban Bahaushe ta faɗa, kunya za ta kashe ta. Bar mini abina, zan iya ɗauka."

Daga ranar duk taron da ya ji za a kawo Hajiya Dije, ba ya zuwa. Har Idi ya koma yi can nesa a Manassas, mutane suna ta cewa girman kai ne.

Da Alhaji ya rasu, ɗanta ya turo ta ta'aziyya, kamar yadda ake zuwa wa kowane namu. Ta yi wa mamacin addu'a mai tsawo, ta ce ta ji an ce mutumin kirki ne. Sai ta hango ni.

"Ɗan nan, ba kai ne tafinta ba? Alƙalin nan marar kunya yana nan?"

Na ce, "Ya bar aiki, Hajiya."

"Gara! Amma dai albarkacinsa a ɗakin ɗana nake kwana. Allah ya shirye shi."

Na ce amin, na fita waje, don ba na son a ga hawayena. Yaya Inuwa, ka gajiyar da mu, wallahi ka gajiyar da mu, ga shi kuma muna kewarka. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa tsohuwar nan. Amin.