Waƙar Japan a Kan Hotunan Yaya Ɗanlami

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Ɗanlami mai kaset, kuma ban taɓa zaton waƙar wata yarinya 'yar Japan ce za ta sa in ɗauki biro a kansa ba. Karatuna bai wuce firamare ba, atamfa nake sayarwa, don haka a yi mini haƙuri idan rubutun ya karkace. Abin ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Zongo a wancan zamani ya san rumfarsa, kuma ya san dokarsa. Kaset ba ya hawa kanta sai Yaya ya saurare shi gaba da baya. Idan fataken Kano suka sauke masa kwali, sai ya yi kwana uku bai sayar da ko ɗaya ba. In waƙar da yaren da ba ya ji ce, sai ya nemo mai ji, ya saya masa shayi, ya zaunar da shi. Daga nan ya ɗauki jan biro ya rubuta a bangon kaset ɗin: “ta biki”, ko “ta kowa”, ko “ban da gaban yara”. Abokansa suna tsokanarsa, “Ɗanlami, kai mai kaset ne ko alƙali?” Shi kuwa ya ce abin da zai shiga kunnen mutum ta hannunsa, sai ya san ko mene ne.

Ranar da ya cika shekara tara da rasuwa, babbar 'yarsa Ramatu, wadda ke aiki a wani kantin magani a unguwar Cissin, ta haɗa hotunansa a waya ta turo mini da safe. Ni kullum wayata a shiru take, saboda tsoron kada ta yi ƙara ina salla. Haka na kalli hotunan ba murya, na yi kuka a gaban masu ciniki. Ban tsaya ba, na tura wa danginmu na Kano, na tura wa matan unguwa, har da limamin da ya yi masa salla.

Bayan azahar Kawu Isa, ƙanen mahaifiyarmu, ya kira daga Kano. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, “Hadiza, wane irin kiɗa ne kuka ɗora wa mamaci?”

Sai a lokacin na buɗe muryar. Farkonta a hankali take, molon Turawa na tafiya ɗaya-ɗaya, wata siririyar murya na binsa kamar mai rarrashin jariri. Ba ta ko yi rabin minti a haka ba sai ganguna suka ɓarke. Muryar ta haye sama, ta koma kamar ta inji, kalmomi na zubowa ba numfashi, wasu 'yan mata na amsa mata da tafi. Kiɗan ya canza hanya har sau uku, kowane ya fi na baya gudu. Kuma daidai inda gangunan suka ɓarke, nan hotonsa na sallar ƙarshe yake, ya rame, babbar riga ta yi masa yawa. Na rufe shago na nufi Cissin.

Ramatu ta ce, “Gwaggo, ai waƙar tausayi ce, c'est tout, shi ke nan. Kowa ita yake sawa yanzu.”

Na ce, “Kin ji ta har ƙarshe?”

Ashe farkon kaɗai ta sani. Ta bayyana mini cewa tun kafin waƙar ta fito watan jiya, an saki guntun nan mai sanyi shi kaɗai, don mutane su riƙa ɗorawa a kan hotunansu. Cikakkiyar kuwa tare da tallar wani lemun kwalba aka sake ta. Ita ta zaɓi sunan waƙar tana saurin tafiya aiki, waya ta shimfiɗa dukkanta a kan hotunan, ta turo ba ta duba ba. Na sa ta nemo fassarar Faransanci ta juya mini. Wata ce ta gaji da saurayinta, ta rage gashin kanta, za ta fita rawa ta sha abu mai sanyi, wai yau ta huta da kaya. Ramatu ba ta iya ƙarasa karantawa ba.

Tun ranar nake tambayar kaina me Yaya zai ce. Na san ba zai zagi mai waƙar ba. Ya sayar da na Indiya, ya sayar da na Kwango, baƙuwar waƙa ba ta taɓa ba shi tsoro ba. Zai saurara har ƙarshe, ya rubuta “ta biki”, ya ajiye ta inda ta dace. Abin da zai ƙyamata shi ne wannan sabuwar ɗabi'a ta yanko wa mutane gefe mai kyau a miƙa musu, kamar mai atamfa da ke buɗe bakin turmi ya ɓoye inda ya ci ruwa. Da kuma mu da muke karɓa mu miƙa gaba. Ramatu dai ta ji guntun. Ni, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta sha kai masa abinci yana tsakiyar saurare, ko guntun ban ji ba. Kaina na fi ƙyama.

Na je wurin liman na tambaye shi ko abin zai taɓa Yaya a kabarinsa. Ya ce, “Hajiya, kiɗa ba ya isa can, addu'a ce ke isa.” Na yarda, amma hankalina bai kwanta ba. Na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su goge. Wasu sun goge, wasu sun riga sun tura gaba. Wata ƙawata a unguwar Bilbalogho ta ce, “Haba Hadiza, a bar shi mana, jikokina har rawa suke yi in na kunna.” Na kashe wayar ban yi mata sallama ba, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. A wayoyin da ban sani ba, fuskar yayana na nan tana wucewa ana tafi, kuma ni na sake ta.

Rumfar babu ita yanzu. Sauran kaset ɗin suna cikin kwali a ɗakina, babu rediyon da zai juya su, sai jan rubutunsa a bango wanda bai koɗe ba. Na daɗe ina ɗauka iyakar abin da ya bari ke nan. Jiya wata ta turo mini wa'azi, na ga sunan malamin kirki ne, na tura wa Ramatu. Nan take ta amsa: “Gwaggo, kin ji shi har ƙarshe?”

Ban ji ba. Na jawo kujera, na ce wa mai ciniki ta ɗan jira. Allah ya jiƙan Yaya Ɗanlami, ya sa ya huta.