Alamomin saman wayar Goggo

Jiya na je gaida Goggo, ƙanwar babana, a Madaki. Ko zama ban yi ba ta miƙo min wayarta.

"Habu, 'yan alamomin nan da ke fitowa can sama kusa da agogo, kashe min su. Ka bar na saƙon Yusufa kawai."

Yusufa autanta ne, soja, wata huɗu ke nan yana daji.

Na ce, "Goggo, me suka yi miki?"

"Duk wadda ta ɓullo sai gabana ya faɗi. In duba, in tarar talla ce."

Na zauna ina kashe su ɗaya bayan ɗaya, na kasa ɗago kai.

Ku saka Yusufa a addu'a. Ku fa, saƙon wa iyayenku ke jira?