Abin da Na Ƙulle a Haɓar Zani

Shekaranjiya da safe motata ta ƙi tashi. Na murɗa makulli, ta yi gir-gir-gir, ta yi shiru. Ba wani abin tashin hankali ba ne, amma sai na tsinci kaina zaune riƙe da sitiyari, na kasa ko buɗe ƙofa. Wannan ƙarar na san ta tun ina 'yar shekara tara, a ƙofar gidanmu a Birnin Kudu.

Babanmu direba ne. Tsohuwar motar haya gare shi, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ba mu da gareji, a gindin darbejiya take kwana. Tun da aka sace motar wani abokinsa sai ya sa mai wayarin ya yi masa dabara, ya haɗa wutar injin da wani ɗan fis, ƙaramin abin da wuta ke bi ta cikinsa, a ƙarƙashin sitiyari. In an zare shi, kowane makulli ka sa sai dai mota ta yi ta gurnani, ba za ta tashi ba. Fis ɗin bai kai ƙwallon dabino ba. Kullum da magariba Baba zai zare shi ya miƙo mini in kai cikin kwallar Inna, da safe in kawo masa tare da kunu. Ko kallonsa ba ya yi, hannunsa ne kawai ya san aikin. A unguwarmu daga ni sai shi sai Inna muka san zancen. Ni kuwa da iyayi, ji nake kamar ni ce mai motar.

Ranar da nake ba ku labari damina ce, an kwana ana ruwa. Kunu bai ma dahu ba sai ga Baffa, ƙanen Baba, a kan babur daga ƙauyensu Zandam, laka har gwiwa. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, jikin Tsohuwa ya rikice. Sai an kawo ta asibiti, kuma ba za ta iya zaman babur ba."

Kakarmu ke nan, mahaifiyarsu. Baba ya ce ya koma wurinta, ga shi nan tafe. Ya fita ko hula babu, bai jira kunu ba.

Ina jin gir-gir-gir daga tsakar gida na san dalili. Na ruga na buɗe kwalla, na ƙulle fis a haɓar zanina, na fito. Kafin in isa har maza sun taru, an ɗaga bonet. A gidanmu 'ya mace ba ta ratsa taron maza, ba a kuma katse babba. Duk da haka na matsa na ce, "Baba."

"Ke, koma ciki! Ba kya ganin mutane?"

Bai taɓa yi mini tsawa ba sai ranar. Na koma zaure na raɓe a bayan ƙofa. Abin da na gaya wa kaina shi ne, ai ya sani. Babba guda, shi da ya ƙirƙiro dabarar, yaya za a yi ya manta? Ƙila wani abin ne daban ya lalace, in ya gama zai kira ni.

Daga nan na ga komai. Kowa ya ce ruwa ne ya shiga inji, Baba ma ya tafi a kan haka. Ya kwance kan batir ya kankare ya mayar. Maƙwabcinmu mai sayar da kayan mota, wani mutumin kudu, ya ɗauko nasa batirin a kafaɗa aka gwada. Aka zare fulogi ɗaya bayan ɗaya, aka kai wurin mai shayi aka gasa su a wuta. Baba ya sa baki a tiyo ya zuƙo fetur, ya tofar, ya zuba a kafireta. Aka tura ta har gangaren masallaci, aka turo ta ta dawo, sau uku. Aka aika kiran bakanike, aka ce ya tafi Sundimina. Aka je tasha, direbobin da suka rage suka ce ba mai shiga hanyar Zandam da wannan caɓi.

Rana tana ta ɗagawa. Kun san yadda abin yake: da farko tsoron tsawa ne ya hana ni magana, daga baya kuma tsoron a ce me ya sa ban faɗa tun ɗazu ba. Inna ta fito zaure da tabarma da matashi da ta shirya wa Kaka, ta gan ni.

"Kin dai kai masa abin nan ko?"

Na gyaɗa kai alamar e. Ƙarya na yi, ba kuma zan ɗora wa ƙuruciya ba. Na san abin da nake yi.

Gab da azahar muka sake jin babur. Baffa ya kashe shi tun daga nesa, ya turo shi a hankali. Ya tsaya gaban Baba ya ce, "Sai haƙuri, Yaya." Maza suka ɗauki salati. Baba yana tsaye da sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu.

Ban san lokacin da na fito ba. Na ratsa mazan nan, ba wanda ya hana ni. Ƙullin ya jiƙe da gumi, da haƙori na kwance shi. Na miƙa masa a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗauka, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya mayar da shi, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Wallahi ban taɓa jin injin nan ya yi lafiyayyen sauti irin na ranar ba. Mai kayan mota ya ɗauki batirinsa ya tafi, sauran ma suka watse ɗaya bayan ɗaya.

A motar muka tafi jana'iza, tabarma da matashin suna baya. Ban yi kuka ba, ko a can. Na jira duka, na jira faɗa, shiru. Mun kusa Zandam ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kwananta ne ya ƙare." Ban sani ba ko da ni yake ko da kansa.

Daga ranar bai ƙara zare fis ɗin ba. Motar ta ci gaba da kwana a gindin darbejiya, ba kuma wanda ya sace ta. Kunu kawai nake kai masa. Har ya koma ga Allah bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Ko da an kawo Kaka da wuri za ta tashi? Allah ne masani. Na daina tambayar kaina, ba don na sami amsa ba, gajiya na yi.

Motocin yanzu ba mai zare musu komai, in sun ƙi tashi waya ake yi. Shekaranjiyar ma bakanike na kira. Ina cikin yi masa bayani sai 'yar autata ta leƙo ta taga ta ce, "Umma." Har na ɗaga hannu zan kore ta. Sai na katse wayar.

"Faɗi, ina jin ki."

Takalminta ne na makaranta ba ta ga ƙafa ɗaya ba. Na fito daga motar muka shiga nema.