Baba Godfrey da Hannun Injin da Ya Rage a Aljihunsa

Kullum da safe, kafin masu shaguna su gama buɗewa a Sabon Gari, Baba Godfrey yakan fito da tsohon kekensa, gorar baƙin mai da tsumma a ɗaure a baya. Ba shi da shago yanzu, ba kuma wanda ya aike shi. Zagayen gaisuwa yake zuwa, sai dai waɗanda yake gaisarwa ba sa amsawa. Injuna ne, tsofaffin injunan fere ƙarfe da na huda shi, waɗanda aka shigo da su Kano tun jirgin ƙasa na da bakin magana. A gefen tashar jirgin ya koyi aikin lokacin da ya zo daga Wusasa yana saurayi, ya shekara arba'in da ɗaya yana fere wa mutane kusoshi da sandunan injin niƙa.

Da ya ajiye wannan aiki sai ya ɗauko wanda ba a biya. Duk inda ya ji wani tsohon ma'aikaci ya rasu, magada za su kwashe shago, sai ya yi ƙoƙarin riga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, isa. Su da sikeli suke zuwa, shi da roƙo. "Ku ba ni mako biyu," haka yake cewa, "zan kawo wanda zai saya ya yi aiki da shi." Sau da yawa dariya ake yi masa. Duk da haka injuna goma sha tara ya samar wa gida tsakanin Fagge da Sabon Gari. Uchenna, mai gyaran janareto a wajen Bata, ya samu ɗaya. Ya ce mini, "Ni na saya da kuɗina, amma in Baba ya shigo ya shafa ya ji ƙura, sai in ji kamar ɗan haya ne ni."

Yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita. Ranar da za a ɗauki inji, sai ya kwance ɗan hannun tagulla da ake murzawa wuƙar injin ta matsa kan ƙarfe, ya jefa a aljihu. Ba hannu, ba aiki. Sabon mai shi zai wanke injin, ya zaunar da shi daidai, ya ba shi mai. Bayan mako guda Baba zai zo ya duba, in ya gamsu ya ɗaura hannun da kansa. Taurin kai ne, ba ni musu, amma da shi ya raba mai son aiki da mai son ƙarfe.

Bara aka ba da sanarwar rushe shagon da ya koyi aiki a ciki, za a gina rukunin shaguna. A ciki akwai babban injin da ya fara taɓawa a duniya, wanda ya girme shi. Ya yi yawo har ƙafarsa ta kumbura kafin ya samu Malam Abdulƙahhar, wani mai walda a Kwaciri da ke zaune a shago ɗaya da yayansa. Mutum takwas suka ɗora injin a mota. Baba ya cire hannun kamar kullum, ya ce sai mako mai zuwa.

Kwana uku bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya yi wata biyu bai taka ƙofar gida ba. Abdulƙahhar ya zo dubiya da lemo a leda, kunya ta hana shi tambaya. 'Yar Baba, Biriskila, ita ce ta yi magana.

"Baba, ka ba shi abin nan mana, mutum yana jira."

"Sai na gani da idona," in ji shi.

Abdulƙahhar ya ce, "Ba komai, Baba. Allah Ya ba ka lafiya, injin yana nan."

Yana nan ɗin kuwa, a wanke, a shafe da mai, ya cinye rabin shago bai taɓa juyawa ba. Yayan ya gaji da kewaye shi. A ganinsa an yaudari ƙanensa da mataccen ƙarfe. Ranar da Abdulƙahhar ya tafi ta'aziyya Gaya, ya kira 'yan gwangwan. Da yake injin ya fi ƙarfin su ɗauka, da guduma suka farfasa shi a wurin.

Da Baba ya miƙe, Kwaciri ya fara zuwa, yana tura keken don ba ƙarfin hawa. Ramukan kusoshi huɗu ya tarar a siminti. Wani maƙwabci da abin ya faru a gabansa ya ce Baba ya durƙusa, ya shafa wurin, ya ga siminti a miƙe, an zuba shi yadda ya kamata. Sai ya ciro hannun ya miƙa wa Abdulƙahhar.

"Karɓi. Ka yi komai daidai."

Abdulƙahhar ya fashe da kuka. "Baba, a jikin me zan ɗaura shi?" Haka hannun ya koma aljihun Baba.

Baba, ni mai wannan rubutu labarin nan yana ci mini rai, na kuma san kai ya fi ci. Na ji kana cewa kai ka kashe injin. Ban yarda ba. Kai ne ka tsaya tsakanin injuna goma sha tara da guduma, lokacin da mu muke wucewa ba mu ko waiwaya. Kai ne uban marayun ƙarfe. Laifin garin nan ne, da ya koma auna komai a sikeli. Kuma gaskiya ba na ganin alamar za mu gyaru. Cikin sha tara ɗin nan, shida sun yi shiru, masu su sun koma sayar da kayan waya.

Mun gode, Baba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma masu karatu, in akwai tsohon inji a shagon mahaifinku, ku nemi Baba Godfrey kafin ku kira mai sikeli. In da mai zuciya a cikinku, ya bi shi zagaye ko sau ɗaya ya ga yadda ake yi. Ku hanzarta, shekarunsa saba'in da takwas, har yau ba wanda ya ce zai karɓi gorar man nan. Ba shi da wuyar ganewa. Shi ne tsohon da ke tura keke a hanyar Bata, aljihunsa na dama ya rinjaya ƙasa saboda nauyin tagulla.