Duwatsun Gonar Surukina

Surukina ya rasu a shekarar da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu, bayan an gama yankan dawa. Bai bar shanu ba, bai bar babbar riga ba. Abin da ya bari gona ce a jikin tudu, wajen Dabai, wadda ya yi shekara arba'in yana ɗaure ta da jerin duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Jeri tara ne. Na san su sarai, domin uku daga ciki a kaina duwatsunsu suka hau, lokacin da nake golmo, noman shekara bakwai da na yi masa kafin a ba ni 'yarsa.

Babban ɗansa tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo. A can ya ga yadda ake gina kabarin manya, ga shi kuma a ƙauyen gaba wasu sun yi wa ubansu wanda ya kai ƙugu. Ya tara mu ya ce tukwanen yumɓu da aka saba ɗorawa a kan kabari ba su ishi mutum irin Baba ba. Na Baba sai ya kai kafaɗa, yadda mai zuwa kasuwar Zuru zai hango ya tambaya. Kowa ya yaba. Da aka zo maganar dutse, sai aka ga na kan tudu da nisa, na gona kuwa ga su nan a jere, tsohon ma ya riga ya zaɓo masu kyau.

Surukata, wadda daga gonar nan take ci, ta ce, "Ku bar masa duwatsunsa inda ya sa su."

"Inna, ai shi za mu kai wa," in ji sojan. "Kafin ruwa ya sauko mun mayar da wasu."

Na ce a hau tudu ko da za a yi wata guda ana ɗebowa. Aka tuna mini ni mijin 'ya ne, ba ɗan gida ba, aka miƙo mini gammo. Na sauko da duwatsun da na hau da su shekarun baya. Gaskiya saukowa ta fi sauƙi.

Kabari ya yi kyau. Kwana uku ana kiɗa ana shan burkutu, masu jawabi suna cewa tsoho ya bar abin da ba zai gushe ba, suna nuna kabarin. Rani ya ƙare ana cewa kasuwa mai zuwa za a mayar da duwatsu.

Ruwa na uku ne ya yi aikin, da hantsi, muna tsaye muna kallo. Ƙasa ta taso ja wur, ta gangara ta zauna a gonar maƙwabcin ƙasa, wanda tsohon ya mutu ba sa gaisawa. Mutumin bai taɓa samun dawa irin ta shekarar ba, har ya aiko wa surukata dami biyu na ta'aziyya. Sojan ya samu aikin gadi a Kwantagora. Surukata ta ɗauki tukunyarta ta dawo gidana, ba ta sake hawa tudun ba.

Na zauna na ƙirga abin da ya tafi: jeri shida da muka kwashe, biyu da ruwa ya ƙarasa, shukar dawa ta rumbu biyu, itacen ɗorawa ɗaya, da akuyar surukata da ke ɗaure a gindinsa.