Birbirin Gidanmu na Kalgo

Ina goyon ɗiyata ta fari aka yi wa maigidana, wanda malamin firamare ne, canjin wurin aiki daga Gwandu zuwa Kalgo. Gidan malamai da aka ba mu mai rufin kwano ne da silin, kuma ya daɗe ba kowa ciki. Muna buɗe ƙofa wari ya tare mu. Birbiri ne, ƙananan jemagun nan, suka cika tsakanin kwano da silin. Kashinsu na zubowa ta tsaga kamar baƙar shinkafa, har cikin kwanon fura.

Na yi shara har na gaji. Da yarinya ta fara tari, Malam ya ce zai sayo maganin feshi ya kashe su gaba ɗaya.

Na ce, "Malam, in sun mutu can sama, wa zai kwaso su? Warin da za mu sha sai ya fi wannan."

Ya ce, "To ke mi kike gani?"

Na ce ya ba ni kwana uku.

Kullum dab da magariba sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in zuba wa rufin ido. A haka na gano ƙofofinsu: biyu a kusurwar gabas, ɗaya can ƙarƙashin indararo. Na ƙudura in sun fita in toshe. Amma wata tsohuwa maƙwabciyarmu, matar masunci, da muke kira Inna, ta hana ni.

Ta ce, "Ɗiyata, damina ce, suna da 'ya'ya ciki. In kin toshe yanzu, iyaye na waje, 'ya'ya su mutu bisa kanki. Ki bari su yi fiffike."

Na kasa kunne da rana, na kuwa ji ƙananan muryoyi suna tsiyu-tsiyu. Sai muka kwashe shimfiɗa muka koma ɗakin girki, wanda ba shi da silin. Wata biyu muka yi a can, matan malamai na yi mana dariya.

Da aka yanke gero na je wurin Inna na roƙi tsohon tarun mijinta, wanda ya daina kamun kifi da shi. Dabarar tawa ce: in ninka shi, in kafa bakinsa na sama a kan kowane rami da suke fita, in bar na ƙasa yana reto. Mai fita zai sulale ta ƙasa, mai dawowa kuwa ya tarar da raga.

Malam ne ya fara hawa tsani. Yana kai mataki na huɗu ya sauko yana cewa tsanin ba shi da kyau. Na miƙa masa yarinya, na ɗaure zane tamau, na hau da guduma a hannu da ƙusoshi a baki. Yana ƙasa yana ta cewa, "A hankali, don Allah a hankali!"

Da magariba muka ga sun fito ɗaya bayan ɗaya. Da asuba suka yi ta zagaya rufin, suka gaji suka nufi itatuwan bakin fadama. Ran kwana na biyar silin ya yi tsit. Na kwaɓa laka da ciyawa na liƙe ramukan, na ɓalle silin guda na kwashe kashin, kwando bakwai. Mijin Inna ya kai gonar albasarsa.

Ba a yi mako ba shugaban makaranta ya tare Malam, ya ce nasa gidan ma haka yake, wane magini ya yi mana aikin? Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ba magini ba ne, mai ɗakina ce." Washegari na sake hawa tsani, matar shugaban na riƙe mini ƙafar tsanin. Kafin rani ya shigo na gyara gidaje huɗu a layin nan.